Gabanin ɗaukewar al'ada: abin da ke faruwa a jikin mace da hanyoyin rage wahalarsa

Likitoci ba sa cewa al'adar mace ta ɗauke sai ta yi wata 12 cur ba ta ga jini ba, alhali ba ciki gare ta ba, ba shayarwa take yi ba, ba kuma wani maganin tazarar haihuwa ne ya tsayar da shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yawancin mata suna kai wa wannan mataki ne tsakanin shekara 45 zuwa 55. Sai dai wahalar tana riga wannan lokaci zuwa. Akwai shekarun da ke gabaninsa, waɗanda kan fara tun mace tana da arba'in da 'yan kai, su ɗauki kamar shekara huɗu, a wajen wasu har takwas ko fiye. A nan ne lissafin wata ke rikicewa, zafi ke taso wa mace ba gaira ba dalili, barci ya ƙi, rai ya riƙa ɓaci a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Da yawa suna zaton sinadarin mata, wato istirojin, raguwa yake yi a hankali kamar man fitila. A wannan zango ba haka yake ba. Ya fi kama da wutar lantarkin da yau za a kawo ta da ƙarfi har ta ƙona kaya, gobe ta zo rabi, jibi babu. Ƙwayayen da suka rage a ma'ajiyar ƙwai sun yi kaɗan, ba sa amsa kiran ƙwaƙwalwa kamar da, sai ƙwaƙwalwa ta ƙara yawan sinadarin da take aikawa don zaburar da su, wanda ake kira FSH. Wani watan ma'ajiyar ta amsa fiye da kima, istirojin ya yi sama. Wani watan ta yi shiru. A duk watan da ƙwai bai fito ba kuwa, jiki ba ya samar da sinadari na biyu, furojestaron, wanda aikinsa shi ne ya daidaita shimfiɗar cikin mahaifa ya hana ta yin kauri ba iyaka. Wannan hawa da sauka ne tushen kusan duk alamomin, kuma shi ya sa gwajin jini ba ya da amfani sosai: sakamakon yau zai iya saɓa wa na mako mai zuwa. Ƙa'idar NICE, hukumar da ke tsara wa likitocin Ingila ƙa'idojin jinya, ita ce macen da ta haura 45, al'adarta ta rikice, kuma tana da alamomin, ba ta buƙatar gwajin FSH; bayaninta ya wadatar. Kuɗin gwajin gara a kashe shi a wani wajen.

A fara kawar da abin da ya yi kama da shi

A ƙasar da zazzaɓin cizon sauro ya zama ruwan dare, duk wanda ya ce jikinsa na zafi yana zufa, allurar maleriya ko maganin taifot ake fara miƙa masa. Mata da yawa kan sha waɗannan magunguna zagaye bayan zagaye a kan abin da ba zazzaɓi ba ne. Ma'aunin zafin jiki na 'yan kuɗi kaɗan yana raba gardama. Tasowar zafi ta wannan zango tana farawa ne farat ɗaya daga ƙirji ta hau wuya da fuska, ta ɗauki minti ɗaya zuwa biyar, zufa ta karyo, wani lokaci zuciya ta yi ta dukan uku-uku, sannan a ji ɗan sanyi. Idan aka auna, zafin jikin bai hau ba. Zazzaɓi kuwa yana kai wa digiri 38 ko sama, kuma yana daɗewa.

Akwai waɗanda dole a duba tukuna. Na farko ciki: duk macen da ta yi ɓatan wata ta yi gwajin fitsari, ko da shekarunta 48. Zufar dare da ta haɗu da tari na fiye da mako biyu da ramewa, tarin fuka ake fara nema, a haɗa da gwajin ƙanjamau. Bugun zuciya da rawar hannu da rama duk da ana cin abinci na nuna a auna aikin ƙullutun maƙogwaro, wato tayroid. Sai a auna yawan jini, suga da hawan jini, domin shekarun da al'ada ke rikicewa su ne kuma shekarun da waɗannan cututtuka ke fara bayyana.

Jini

A farkon zangon tazarar da ke tsakanin al'ada da al'ada takan gajarta, mai ganin jini duk kwana 28 ta koma 24 ko 25. Daga baya sai tsallake: kwana 60 ko fiye babu komai, sannan ya zo da yawa har da gudaji, saboda shimfiɗar mahaifa ta yi wata biyu tana kauri ba furojestaron da zai taka mata burki. Wannan duk cikin tsarin ne. Amma akwai jinin da ba a jingina wa shekaru: wanda ke zuwa bayan saduwa, wanda ke ɗigowa tsakanin al'ada biyu, wanda ya wuce kwana bakwai, wanda ke jiƙe audugar mata a kowace awa har awanni da dama a jere, wanda ke dawowa kafin kwana 21, da kuma duk wani jini, ko ɗigo ne, bayan an yi shekara guda babu. Waɗannan suna buƙatar a duba bakin mahaifa, a yi hoton mara, wani lokaci a yanko ɗan samfurin shimfiɗar mahaifa a auna. Sau da yawa abin da ake samu ƙari ne a mahaifa, wato fibroid, wanda ya fi yawa ga baƙaƙen mata, ko wani ɗan tsiro marar haɗari. Amma sankarar mahaifa da ta bakin mahaifa ma da irin wannan jinin suke sallama, kuma da wuri ake cin ƙarfinsu.

Idan an tabbatar ba wata cuta, magungunan yawan jini sanannu ne. Akwai tranexamic acid, giram ɗaya sau uku a rana, a kwanakin da jinin ya fi ƙarfi kawai, kada a wuce kwana huɗu. Ba a ba wadda ta taɓa samun daskarewar jini a jijiya. Akwai mefenamic acid, miligiram 500 sau uku a rana bayan cin abinci, wanda ke rage jini da ciwon mara tare, amma mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ta nisance shi. Wanda ya fi su duka tasiri shi ne robar mahaifa mai ɗauke da levonorgestrel miligiram 52, irin su Mirena. Tana sirantar da shimfiɗar mahaifa har jinin ya koma kaɗan ko ya tsaya. Matsalarta ɗige-ɗigen wata uku zuwa shida na farko, wanda ke sa wasu su je a cire kafin ta fara aikinta. A lura, robar jan ƙarfe da aka fi samu a asibitocin tazarar haihuwa daban take. Ita ƙara jinin ma take yi.

Primolut N, wanda mata suka saba da shi wajen jinkirta al'ada lokacin azumi ko aikin Hajji, yana tsayar da jini na ɗan lokaci, amma ba maganin da za a riƙa saye a kemis wata da watanni ba ne, musamman ga mai ƙiba, mai hawan jini, ko wadda ta taɓa samun gudan jini a ƙafa.

Yawan zubar jini yana jawo ƙarancin jini, shi kuma ya ƙara gajiya, haki da bugun zuciya. Idan awon yawan jini, wato haemoglobin, ya nuna ƙasa da giram 12, ƙwayar ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe, wato ferrous sulfate, ta miligiram 200 sau ɗaya a rana, ko rana bi rana ga wadda take ɓata wa ciki, ta isa. Kada a kora ta da shayi, domin shayi na hana jiki tsotsar ƙarfen. A ci gaba da sha wata uku bayan jinin ya dawo daidai.

Rikicewar jini tana taɓa salla da azumi, kuma tana damun mata ƙwarai. A mazhabar Malikiyya mafi tsawon haila kwana 15 ne, kuma wadda ta saba da wasu kwanaki takan ƙara uku a kan mafi tsawon al'adarta, muddin ba ta zarce 15 ba. Abin da ya wuce haka jinin ciwo ne. Hukuncin kowane hali na malamai ne, amma da malami da likita abu ɗaya za su tambaya: yaushe ya fara, yaushe ya tsaya. Rubuta ranakun a kalanda ko a waya yana sauƙaƙa wa kowa.

Tasowar zafi da zufar dare

A ƙwaƙwalwa akwai wurin da ke lura da zafin jiki. Idan istirojin ya sauka, sai wurin ya zama mai saurin firgita: ɗan ƙarin ɗumi da da ba zai kula da shi ba, yanzu sai ya buɗe jijiyoyin fata ya saki zufa. Wani dogon bincike na Amurka mai suna SWAN ya bayyana a 2015 cewa, a tsakanin matan da zafin ke yawan taso wa, matsakaicin tsawon lokacin shekara 7.4 ne, ga baƙaƙen mata kuwa ya kai wajen shekara 10. Saboda haka cewa mace ta yi haƙuri, wata 'yan kaɗan ne zai wuce, ba gaskiya ba ne.

Gyaran yau da kullum yana ragewa, ko da ba ya kawarwa. Tufafin auduga marasa nauyi sun fi na roba, hijabi ma haka. Ruwan randa a kusa da shimfiɗa, mafici, da watsa ruwa kafin kwanciya suna taimakawa, balle a watannin Maris zuwa Mayu da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato ko Maiduguri. Yaji, shayi mai zafi, kofi da goro suna tayar wa wasu, wasu kuma ko a jikinsu; kowace ta lura da nata maimakon ta haramta wa kanta komai. Taba da shisha suna ƙara shi, suna kuma gaggauta ɗaukewar al'adar. Rage ƙiba na taimakawa. Awara da madarar waken soya abinci ne masu kyau, amma tasirinsu a kan zafin ɗan kaɗan ne.

Idan zafin ya hana barci ko aiki, maganin da ya fi kowanne shi ne mayar wa jiki istirojin. Yana rage yawan tasowar da kusan kashi uku cikin huɗu. Ana samunsa a ƙwayar estradiol, akan fara da miligiram ɗaya a rana. Ko filastar mannawa mai sakin maikirogiram 25 zuwa 50 a rana, wadda ake sauyawa sau ɗaya ko biyu a mako gwargwadon irinta. Ko man shafawa. Bambancin ba na sauƙin amfani kaɗai ba ne. Ƙwayar sha tana bi ta hanta, ta ƙara sinadaran da ke daskarar da jini. Ta fata kuwa ba ta bi ta nan, don haka a ma'aunin da aka saba bayarwa ba a ga tana ƙara haɗarin gudan jini ba. Mai ƙiba, mai ciwon ɓarin kai, mai hawan jinin da aka shawo kansa, ta fata ta fi dacewa da su, duk da cewa ba kowane kantin magani ke ajiye ta ba kuma ta fi tsada. Filasta a ƙasan ƙugu ake manna ta, a ɗuwawu ko ƙasan ciki, ba a kan mama ba, a busasshiyar fatar da ba a shafa wa mai ba, a danne da tafin hannu na ɗan lokaci. A ƙasar zafi zufa kan ɓamɓare ta. Idan hakan ya yawaita a koma man shafawa. Shi kuma gara a shafa shi a cinya ko dantse sama da gwiwar hannu, inda ruwan alwala ba ya kaiwa, a bari ya bushe kafin a sa tufafi, kada a yi wanka sai bayan awa guda aƙalla.

Ga ƙa'idar da ba a karyawa: macen da mahaifarta ke nan ba ta shan istirojin shi kaɗai. Shi kaɗai yana sa shimfiɗar mahaifa ta yi ta kauri har ta iya rikiɗewa sankara. Dole a haɗa da furojestaron. Ga wadda har yanzu take ganin al'ada, tsarin zagaye ake bi: istirojin kullum, furojestaron irin na jiki miligiram 200 da dare na kwana 12 zuwa 14 a kowane wata, sannan jini ya zo a ƙarshensa. Tsarin kullum-kullum na miligiram 100 na wadda ta riga ta yi shekara babu jini ne. Idan aka ba wadda ba ta kai nan ba, ɗige-ɗige marar tsari yake jawowa, ta ɗauka maganin ne bai karɓe ta ba. Da dare ake shan furojestaron saboda yana sa barci, abin da ya zama riba ga mai fama da rashinsa. Robar levonorgestrel da aka ambata ma tana yin wannan kariya har shekara biyar, ta haɗa da tazarar haihuwa da rage jini, jifa ɗaya tsuntsu uku. Wadda aka cire wa mahaifa a yawancin lokuta istirojin kaɗai take buƙata.

Tsoron da ke tattare da wannan magani ya samo asali ne daga 2002, lokacin da aka dakatar da wani sashe na babban binciken WHI a Amurka, mai mata sama da 16,000. An ga ƙarin sankarar mama, kimanin mata 8 cikin 10,000 a kowace shekara, tare da ƙarin gudan jini da shanyewar ɓarin jiki. Labarin ya bazu duniya, mata suka zubar da magungunansu. Abin da bai bazu ba shi ne matsakaicin shekarun matan 63 ne, akasarinsu sun daɗe da daina al'ada, kuma tsohon nau'in ƙwaya aka ba su. A sashen matan da ba su da mahaifa, waɗanda suka sha istirojin kaɗai, ba a ga ƙarin sankarar mama ba. Matsayar ƙungiyoyin likitoci a yau ita ce ga mai ƙoshin lafiya da ba ta kai 60 ba, ko ba ta wuce shekara goma da ɗaukewar al'ada ba, amfanin ya rinjayi haɗarin. Haɗarin mama dai gaskiya ne, ƙarami ne, kuma yana ƙaruwa da tsawon shekarun sha. Ya kamata a faɗa wa mace shi a fili ta zaɓa da kanta.

Ba a ba wadda ta taɓa yin sankarar mama ko ta mahaifa, ko mai zubar jinin da ba a gano dalilinsa ba, ko mai ciwon hanta da ke ci. Wadda ta taɓa samun ciwon toshewar jijiyar zuciya, shanyewar ɓarin jiki ko gudan jini sai da shawarar ƙwararre. Hawan jini a fara saukar da shi. Makonnin farko akan ji mama ya yi tsami, ciki ya kumbura, ko tashin zuciya. Yawanci suna lafawa. Bayan wata uku a koma wa likita a ga ko za a ƙara ma'auni ko a sauya nau'i, daga nan sau ɗaya a shekara. Jini marar tsari da ya zarce wata shida a kan magani sai an bincika.

Wadda istirojin bai dace da ita ba tana da wasu hanyoyi. Venlafaxine miligiram 37.5 zuwa 75, escitalopram 10 zuwa 20, ko paroxetine ƙaramin ma'auni, asalinsu magungunan damuwa ne amma suna rage tasowar zafi, ko da ba su kai istirojin ba. Ba a daina su farat ɗaya, kuma mai shan tamoxifen don sankarar mama ta guji paroxetine da fluoxetine, domin suna raunana aikinsa. Gabapentin, ana farawa da miligiram 300 da dare, ya dace da wadda zufar dare ta fi damu, sai dai yana sa jiri. A 2023 Amurka ta amince da fezolinetant, miligiram 45 a rana, wanda ke aiki kai tsaye a wurin lura da zafi na ƙwaƙwalwa. Yana da tsada kuma sai ana bin lafiyar hanta da gwaji. Haɗe-haɗen gargajiya da ake tallatawa a kafofin sada zumunta da sunan dawo da al'ada ko sabunta jini, ba wanda ya san abin da ke ciki, kuma babu wani jiƙo da zai mayar da ƙwayayen da suka ƙare.

Abin da ake jin nauyin faɗa

Ƙarancin istirojin yana sirantar da fatar gaba da ta mafitsara. Sakamakon shi ne bushewa, ƙaiƙayi, zafi wajen saduwa, yawan fitsari da raɗaɗinsa. Galibi sai a ce sanyi ne, a yi ta shan magungunan kashe ƙwayoyin cuta ba sauƙi. Wasu kuma su koma ga kayan matsi, alif, kanwa, turare da wanke ciki da sabulu, waɗanda duk ƙara busar da fatar suke yi su tsattsage ta. Wannan alama, saɓanin tasowar zafi, ba ta wucewa da kanta. Ƙaruwa take yi da shekaru. Maganinta istirojin na matsawa, kirim ko ƙwaya: kullum da dare na mako biyu, sannan sau biyu a mako a ci gaba. Abin da ke shiga jini daga cikinsa kaɗan ne ƙwarai, don haka ba ya buƙatar furojestaron, kuma yana rage yawan dawowar ciwon mafitsara. Man sauƙaƙa saduwa mai asalin ruwa yana taimakawa nan take. Man kaɗanya da basilin suna lalata kwaroron roba. Yana da kyau maigida ya san cewa ciwo ne ke sa ta janye jiki, ba ƙiyayya ba, domin gidaje da dama rashin wannan bayanin ne ke jawo musu saɓani.

Ciki yana iya shiga har zuwa ƙarshen zangon, kuma maganin mayar da istirojin ba ya hana shi. Ƙa'idar da likitocin Ingila ke bi ita ce a ci gaba da tazara shekara biyu bayan jinin ƙarshe idan mace ba ta kai 50 ba, shekara ɗaya idan ta haura, a daina gaba ɗaya a 55. Ƙwayar tazara mai sinadari biyu tana daidaita al'ada ta kuma rage zafi, ana iya shanta har 50, amma ban da mai shan taba, mai hawan jini, ko mai ciwon ɓarin kai da ke zuwa da walƙiya a ido. Allurar wata uku tana rage ƙarfin ƙashi, don haka akan sauya ta idan an kai 50. Ashanar hannu ba ta da wannan matsala.

Saurin fushi, kuka ba dalili, fargaba da mantuwa suna cikin alamomin, kuma kan yi muni idan barci ya lalace. Kafin a ce iska ce ko sammu, a gyara barcin a gani. Mantuwar yawanci tana sauƙi bayan zangon ya wuce. Amma baƙin cikin da ya yi mako biyu bai ɗaga ba, ko tunanin cutar da kai, ciwon damuwa ne mai buƙatar maganinsa daban, musamman ga wadda ta taɓa yinsa bayan haihuwa.

Ƙashi shi ne ke zaizayewa ba tare da an ji ba, kusan kashi 2 cikin ɗari a shekara a daidai lokacin ɗaukewar al'ada. Jiki na buƙatar kalsiyam miligiram 1,000 zuwa 1,200 a rana, kuma nono, kindirmo, ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu, riɗi, zogale da kuka duk suna da shi. Rana tana da yawa a ƙasarmu, amma macen da ke yini a ɗaka tana iya rasa bitamin D, wanda sai da shi kalsiyam ke shiga jiki. Tafiya mai ɗan sauri ta minti 150 a mako, da aikin da ke sa tsoka ɗaukar nauyi sau biyu a mako, suna kare ƙashi da zuciya tare.

Duk wannan lissafi yana sauyawa idan alamomin sun zo da wuri. Macen da ba ta kai 40 ba, al'adarta ta ɗauke wata huɗu ko fiye, ita ce ke buƙatar gwajin FSH, kuma akan maimaita shi bayan mako huɗu zuwa shida. Idan ya tabbata ma'ajiyar ƙwai ta gaza da wuri, ko an cire ta a tiyata, ko maganin sankara ya taɓa ta, ana ba ta istirojin ne ko da zafi ba ya damunta, a ci gaba aƙalla har shekara 51, domin ƙashinta da zuciyarta za su yi shekara goma ko fiye babu kariyar da tsararrakinta ke da ita. Alƙaluman binciken 2002 ba su shafe ta ba, tunda abin da ake mayar mata shi ne wanda jikinta ya kamata ya riƙa samarwa a shekarunta.